Mitar babur ɗin ruwa tana ɗaukewa: laifin gilashin ne ko na wutar da ke zuwa masa?

Salam 'yan gida. Jiya da dare wani ɗan'uwa ya yi tambaya a kan babur ɗin ruwansa, Sea-Doo GTX ƙirar 1997, da ya sayo ɗan Beljiyam daga Legas, wai mitar gaba yau ta kawo gobe ta ɗauke, in ma ta kawo da ƙyar ake ganin rubutun, ga kuma mai kullum tana nuna babu alhali ya cika tanki. Yana tambaya ya sa a nemo masa wata mitar ne ko a gyara wannan ɗin.

Malam kafin ka tura wa kowa kuɗi ɗan dakata tukuna. Ciwo biyu ne a nan masu kama da juna kamar Hassan da Hussaini, ɗaya a jikin gilashin yake, ɗaya kuma a wutar da ke zuwa wa mitar, kuma in ka sayo wata mitar alhali ciwon na wuta ne to ita ma haka za ta riƙa yi maka, ka yi asarar kuɗin kawo ta a banza.

Ciwon gilashi ba ya wasa da hankalin mutum, yadda ka gan shi da safe haka za ka gan shi da yamma. Ka maƙala makullin nan na igiya ka ji ɗit-ɗit sau biyu, alamar kwamfutar ta gane makullinta, inji ya tashi lafiya lau, amma fuskar mitar ta yi baƙi a tsakiya kamar an ɗora mata guntun garwashi, ko ta koɗe ta yi fari fat. Gwajinsa ko sisi ba ya ci: shiga inuwa, ka haska tocilan waya a karkace, ka ɗan sunkuya ka duba ta gefe. In ka hango inuwar lambobi suna nan suna motsi to mitar tana da rai, wata 'yar leda ce siririya da ke manne a fuskar gilashin da ke nuna lambobin (LCD) rana ta dafa, ita ce ke sa ido ya ga rubutun, in ta ƙone shi ke nan sai dishi-dishi. Abin da ya kusa shekara talatin yana shan rana a bakin ruwa ai ya yi ƙoƙari ma. In kuma lambobin ne suke fitowa guntu-guntu, 8 ta koma kamar 3, yawanci 'yar robar da ke haɗa gilashin da allon ciki ce ta yi datti ko ta saki, ko raɓa ta shiga.

Ciwon wuta shi kuma mayaudari ne. Kana tafiya lafiya ka daki igiyar ruwa mita ta ɗauke ta dawo, ka danna sitata ta mutu ta sake farawa daga farko, wani lokaci ta rubuto maka 12V LOW, wato wutar batir ta yi ƙasa. Gilashin da rana ta ƙona ba ya warkewa na minti biyar ya sake kwantawa, saboda haka duk abin da ke zuwa yana tafiya ka bi waya. A nan multimita, na'urar auna ƙarfin wuta, ita ce alƙali. Batir mai lafiya da ya kwana bai yi aiki ba, zai nuna maka bolt 12.6 ko kusa da haka, in ya sauko 12.2 ya fara gajiya, in kuma lokacin da kake danna sitata ya faɗi ƙasa da 10 to ko batirin ya tafi ko kan batir ya yi datti. Inji na aiki an ɗan ba shi wuta ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Bai tashi daga 12 ba, ko ya haura 15, ka zargi rektifaya, na'urar da ke daidaita wutar cajin batir, kuma wanda ke haurawar ya fi haɗari don shi ne ke soya kayan lantarki ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan sai soket-soket. Buɗe murfin gaba ka cire soket ɗin da ke bayan mitar ka leƙa cikinsa da kyau, babur ɗin da ya yi rayuwa a ruwan gishiri irin na Tarkwa Bay da ke Legas sau da yawa za ka tarar ƙarafan ciki sun yi kore kamar gansakuka, wani lokaci ma wayar daga waje tas take amma tagullar ciki ta zama baƙa ta rube. A fesa abin wanke soket, a goge da tsohon buroshin haƙori, in ya bushe a shafa giris ɗin lantarki a mayar. Kar a manta da baƙar wayar negetif da ke ɗaure a jikin inji, ni dai ita ta taɓa wahalar da ni sati biyu ina zagin mita ashe noti ne ya saki. Sai fis, akwai mai amp 5 da mai amp 15 a wajen kwamfutar da suke kira MPEM. In mai 5 ɗin yana ƙonewa da zarar an sa sabo to maganar ta wuce mita, yawanci kwamfutar ce, kuma don Allah kar wani ɗan rewaya ya naɗa maka zaren waya a madadin fis.

Abu biyu da nake roƙonka. Kar ka yi jan wuta daga motar da injinta ke kunne, wannan kwamfutar ba ta jure shi, an sha yin asararta ta haka. Sannan ka ɗaga kujera ka bar cikin ya sha iska kafin ka taɓa waya, tururin fetur yana kwanciya a ƙasan cikin babur ɗin, tartsatsi ɗaya ya isa. In za ka tayar da inji a tudu don awo, daƙiƙa kaɗan kawai, in kuma za ka haɗa masa tiyon ruwa don ya sanyaya shi, inji ake fara tayarwa kafin a buɗe famfo, a rufe famfo kafin a kashe inji.

Maganar mai da ke nuna babu, yawanci wannan ba ta cikin biyun nan, kuma in haka ne ko sabuwar mita dal ka sa ba za ta canza ba. A cikin tanki akwai wani dogon bututun roba da tiyoyin mai ke hawa kansa, cikinsa akwai 'yar tulluwa mai maganaɗisu da ke hawa da sauka tare da mai, da wani ɗan mitsitsin fis a jikin allonsa mai lamba F1. A waɗannan tsofaffin Sea-Doo ɗin sanannen ciwo ne, ko tulluwar ta sha mai ta nutse ko fis ɗin ya yanke. Haka mitar gudu, wata 'yar fanka ce a baya ƙasan jirgin take juyawa da ruwa, ciyawa ko yashi ya riƙe ta sai ka ga sifili kana tsala gudu.

To yanzu gyara ko saye? In ledar ce kawai, gyara ya fi. Ana ɓare tsohuwar da reza a hankali, a wanke gam ɗin da sipirit, a ɗora sabuwa ana juya ta har lambobi su fito baƙi sosai kafin a yanka a manna, don in kwanarta ba ta yi daidai ba ba za ka ga komai ba. Wannan aikin mai gyaran waya ne mai sanyin hannu, ba na bakanike ba. Wahalar tana wajen buɗe gidan mitar don a liƙe yake, da kuma sake liƙe shi yadda ruwa ba zai shiga ba, in aka yi sakaci a nan wata biyu raɓa ta dawo. Ita kuwa ta gwanjo sa'ar taka ce, shekarunsu ɗaya, ranar da ta dafa taka ta dafa ta, kuma hoton da mai sayarwa zai turo maka a kashe ba ya nuna komai, sai ka ce ya haɗa mata wuta ya yi maka bidiyo, ka kuma duba lambar jikinta da yawan wayoyinta su yi daidai da taka. Ba na ba da shawarar saye sai in an buɗe an ga allon ciki ya ci tsatsa ko ya ƙone. Masu na baya-bayan nan masu injin 4-TEC su nasu ya fi tsada, a yawancinsu sai an haɗa mitar da kwamfutar jirgin ta manhajar BUDS kafin su san juna, kai naka na 1997 babu wannan ciwon kan.

Yadda ka kwatanta, ni a ganina duka biyun ne suka haɗu maka, dishi-dishin na leda ne, ɗaukewar kuma ta soket ko batir. Fara da wutar tunda ita ce mai arha. Kuma kafin ka koma ruwa ka tabbata 'yar ƙararrawar nan mai yin ɗit-ɗit tana aiki, don ita ce za ta yi maka ihu in inji ya ɗau zafi ko da mitar ba ta nuna komai. Ka auna batirin a kashe da kuma a kunne, ka ɗauko mana hoton cikin soket ɗin bayan mitar, sai mu ga ta inda za a ɓullo.