Gyaran tsohon gidanmu na Shagari Kwatas: abin da na gani a hannun ɗan kwangila

Gidan yana cikin rukunin gidajen nan masu sauƙin kuɗi da aka gina a Kano zamanin mulkin Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983. Ɗan ƙarami ne, ba bene ba, ciki da falo da kicin da banɗaki. Daga baya, da muka fara yawa, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ƙara ɗaki ɗaya ta baya. Bayan rasuwarsa 'yan haya suka zauna sama da shekara goma, kowa ya lallaɓa inda ya dame shi ya bar sauran. Da aka zo rabon gado na sayi kason 'yan'uwana, don Hajiya, mahaifiyarmu, ta sha faɗa mana cewa ba ta da burin da ya wuce ta koma ɗakin da ta raine mu.

Tun da aka gama aikin abokai ke tambayata wa ya yi, kuma ko zan iya haɗa su da shi. Amsar ba ta gajarta ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan kama sunansa ba, tunda akwai inda zan yabe shi akwai kuma inda ya ɓata mini rai.

Mutum uku na kai suka ga gidan. Biyu sun zagaya tsakar gida, suka leƙa ɗakuna, suka yi maganar fenti da tayil da silin na zamani, suka yanka mini kuɗi nan take. Na ukun tsani ya nema. Ya ɗaga murfin silin ya shige ciki da tocila, ya daɗe har na fara ƙosawa. Da ya sauko sai ga shi da guntun katako, ya murza shi da yatsu a gabana ya zama gari. Ya ce, "Alhaji, kuɗin tayil ɗin da kake lissafi rufi ne zai cinye su. Gara ta gama da katakon nan, ƙusa ce kawai ke riƙe da shi. In ka yarda mu fara daga sama, in kuma ado kake so a yi maka yanzu, ka ba wani." Maganar ba ta yi mini daɗi ba a ranar, amma shi na ba aikin.

Mun yi yarjejeniya a rubuce da shaidu biyu. Kuɗin hannu jinga ne, kowane mataki da nasa, ba a biyan na gaba sai an gama na baya. Kayan aiki kuwa ni zan saya, shi ya raka ni kasuwa. Ya ɗauki alkawarin wata uku, a fara a Janairun 2024 a gama kafin ƙaramar Sallah.

A rufi na fi gamsuwa da shi. An sauke tsohon kwanon gaba ɗaya, wanda tsatsa ta cinye wuraren ƙusoshi har kana hango rana ta ciki. Katako muka je 'Yan Katako na Na'ibawa, kuma nan na ga amfanin tafiya da wanda ya san abu. Yana ɗaga kowane tsinke ya duba miƙewarsa da ido ɗaya, ya ji nauyinsa, ya ware ɗanye gefe, don ɗanyen katako in ya bushe a sama murɗewa yake yi ya ja kwanon. Bai bari an hau da ko ɗaya ba sai da aka shafe shi da maganin gara ya kwana biyu. Wajen kwano kuma ya zo da ɗan ma'aunin kauri a aljihu. A shago na farko aka ce mana kaurinsa milimita 0.45 ne, ya auna a gaban mai shagon bai kai ba, muka yi gaba ba tare da hayaniya ba. Wanda bai san da wannan ba zai biya kuɗin mai kauri ya ɗauko mai laushi, sai iskar farkon damina ta nuna masa.

Na so a yi mini rufin nan da ake yayi, wanda ake ɗaga bango a ɓoye kwanon a ciki. Ya hana ni. Hujjarsa ita ce ruwan irin wannan rufin a kwatar da ke jikin bango yake taruwa, ganye da leda da ƙurar hunturu su toshe ta, ruwa ya koma cikin silin. Ga shi bangon gidan ya haura shekara arba'in, ba a gina shi don ɗaukar ƙarin nauyi ba. Sai ya ƙara wa rufin tudu kaɗan, ya fito da bakinsa waje yadda zai yi wa bango inuwa ya kuma jefa ruwa nesa da gindin gini. A ido bai kai wancan ƙayatarwa ba. Amma na shiga ɗakin Hajiya da azahar a tsakiyar bazara, na ji bambancin da tsohon rufin da na sani tun ina yaro.

Akwai abin da ya faru wajen sauke silin da nake so duk mai tsohon gida ya sani. Silin ɗin gidajen wancan zamani yawanci na asbestos ne, kuma ƙurarsa in ta shiga huhu tana jawo mummunar cuta, har da kansa, bayan shekaru masu yawa. Ranar da na iso na tarar da leburori suna farfasa shi da guduma, ƙura ta turnuƙe falo, ba wanda ya rufe hanci. Nan na tsayar da aikin. Na sayo takunkumi, na ce a riƙa jiƙa shi da ruwa a zare ƙusa a sauke shi a dunƙule, a ƙulle a buhu. Ɗan kwangilar ya amsa ba musu, amma wannan abu ne da shi ya kamata ya fara sani kafin ni. Yaran nan 'ya'yan wasu ne, kuma kuɗin yinin da suke karɓa bai kai a sayar da huhu ba.

Sai ƙasan bango. Duk wanda ya san tsofaffin unguwannin Kano ya san cutar: titi yana ta ƙara tudu da ciko shekara da shekaru, gida yana nan inda yake, har tsakar gida ta koma rami. Ruwa ya kwanta a gindin bango, bulo ya tsotse shi, gishiri ya fito ya cinye filasta tana zuba kamar gari. 'Yan haya sun sha fenti a kai, ba ya wata uku. Ni tunanina a manna tayil zuwa ƙugu a huta. Ya ce tayil ɓoye ciwo ne, danshin zai haura saman tayil ɗin ya fito a can. Abin da ya yi shi ne ya sa aka kankare filastar har kusan mita ɗaya daga ƙasa, ciki da waje, aka bar bulon tsirara ya sha iskar hunturu mako uku, sannan aka sake shafe da siminti mai haɗin maganin ruwa. Aka ɗaga daɓen tsakar gida da gangare zuwa ƙofa, aka yi wa gindin bango daɓe zagaye, aka fitar da magudana zuwa kwatar layi. Kullum safe da yamma akwai yaro mai ba sabon shafe ruwa har kwana bakwai, don a busasshiyar iskar nan in ba a ba shi ruwa ba tsattsagewa yake yi. Kuɗin 'yan garuwa kaɗai ya zama layi guda a littafin lissafina.

Tsagar da ke tsakanin tsohon gini da ɗakin da Baba ya ƙara ma ya gano dalilinta. An jingina sabon bangon ne kawai ba a sarƙa shi da tsohon ba, kowanne ya zauna yadda ya ga dama. Ya fasa wurin, ya ɗinke shi da gajerun rodi, ya sa raga kafin shafe.

Wayoyin wuta duk an zare. Mun tarar da haɗe-haɗe da leda a cikin silin, ba waya mai kai wuta ƙasa ko ɗaya. An sa waya mai lamba 1.5 a layin ƙwayayen fitila, mai kauri lamba 2.5 a na soket, an ware layin firij da fanka da fitilu daban saboda sola. Tsofaffin bututun ƙarfe na ruwa sun toshe da tsatsa har ɗan yatsa ba ya shiga, aka maye su da na roba. Sokawe an yashe an sake masa murfi. A nan ba ni da ƙorafi.

Da na zauna na tara lissafi, cikin kowace naira goma da na kashe kusan shida sun tafi ne a abin da baƙo ba zai taɓa gani ba.

Tsadar kaya ba laifinsa ba ce, amma ta shafi komai. Tun cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin tifar yashi da dakon kaya ke hawa. Sai ga Fabrairun 2024, buhun simintin da na saya wajen naira 6,000 a farkon aiki ya haura 10,000 cikin 'yan makonni. Har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar ya dawo tsakanin 7,000 da 8,000, amma kafin hakan ya iso shagon unguwa mu muna tsakiyar shafe. Ya taɓa ba ni shawarar in sayi simintin aikin kaso biyu manya, na ƙi don tsoron kada ya daskare a ajiye. Da na bi maganarsa na ɗora buhunan a kan katako a ɗaki busasshe, da na tsira da kuɗi masu kauri. Abin da zan shaide shi da shi, bai taɓa cewa a ƙara yashi a rage siminti don a rufe giɓin ba, kuma da na ƙirga buhunan da aka zazzage sun yi daidai da waɗanda na sayo.

Yanzu inda ya gaza.

Alkawarin wata uku ya zama wata bakwai. Azumi ya kama a Maris, aiki ya koma rabin yini, wannan na fahimta, ba wanda zai ce wa mai azumi ya kwaɓa siminti da la'asar a zafin Kano. Abin da ban yafe da wuri ba shi ne bayan Sallah. Ya karɓi wani babban aiki a wata unguwa ya kwashe birkilolinsa biyu da kafinta, ya bar mini gida kwana goma sha takwas ba ko lebura. In na kira sai "gobe in sha Allahu, Alhaji." Da ya fito ya gaya mini gaskiya da na san yadda zan yi da Hajiya, wadda ta riga ta ɗaure kayanta a gidan ƙanwata tana ƙirga kwanaki. Sai da na je da ɗaya daga cikin shaidunmu, dattijo ne da yake jin nauyinsa, sannan aiki ya dawo.

Mai tayil ɗin da ya kawo kuma bai iya ba. A banɗaki ruwa baya yake yi ya taru a bakin ƙofa maimakon ya bi rariya, a falo kuma in ka ƙwanƙwasa wasu sai ka ji suna amsawa kamar ganga, alamar ba siminti a ƙarƙashi. Tsohuwa ce za ta shiga banɗakin nan ta yi alwala da asuba, santsi ɗaya ya isa ya kwantar da ita. Na ce a tayar. Ya yarda ya ɗauki kuɗin hannu, ni na sake sayen tayil ɗin da ya farfashe. Har yau ina ganin bai kamata asarar ta faɗo kaina ba, tunda ba ni na zaɓo mutumin ba.

Tagogi kuwa kuskuren na mu biyu ne. Gidan da tagogin luba yake, masu gilashi jere da ake buɗewa gaba ɗaya. Na ce a cire a sa na alminiyan masu zugewa, shi kuma bai ce komai ba, alhali a rufi da bango ya iya tsayawa ya ja da ni. Taga mai zugewa rabinta kaɗai ke buɗewa. A hunturu tana tare ƙura, gaskiya ne, amma daren da ba wuta a watan Afrilu iskar da ke shigowa ta ragu da rabi. Da na sani da sabbin luba na sa da raga mai kyau, ko masu buɗewa waje.

Na riƙe kashi goma cikin ɗari na kuɗinsa, kamar yadda muka rubuta, sai an yi ruwa mai ƙarfi. A Agusta aka kwana ana tafka shi. Da asuba na zo da tocila na bi ɗaki ɗaki ina duba silin da kusurwoyi da gindin bango. Ba ɗigo, tsakar gida kuma ta tsane kafin rana ta fito. A ranar na tura masa cikon kuɗinsa.

Ga masu tambaya ko zan haɗa su da shi: in tsohon gida ne mai ciwon rufi da danshi, zan haɗa ku, don ban ga wanda ya fi shi sanin inda gini ke ciwo ba cikin waɗanda na gwada. Amma ku rubuta ranar gamawa da abin da zai biyo baya in ya saɓa, ku nemo mai tayil da kanku bayan kun je kun ga aikinsa a wani gida, kuma ku kasance a wurin ranar sauke silin.

Hajiya ta tare mako biyu bayan ruwan nan. Ta shiga ta zagaya ba ta ce komai ba, sai da ta kai tsakar gida ta ga dalbejiyar da Baba ya shuka tana nan. Ɗan kwangilar ya so a sare ta saboda saiwa, na ce a datse wadda ta doshi bango kawai a bar sauran. Ta dafa ta, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Washegari ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwarta. Tagar ɗakinta ce zan fara mayarwa luba kafin bazara ta sake shigowa.