Na'urar auna gishirin gona: wacce ta cancanci kuɗinka?

Idan fari-fari ya fito a saman kunya bayan ban ruwa, bakin ganyen albasa kuma yana ƙonewa, gishiri ake fara zargi. Sai dai ido ba ya faɗin yawansa. Ana gane shi ne ta yadda ruwan da aka jiƙa ƙasar a ciki ke ɗaukar lantarki, wato EC, da ma'aunin dS/m. Ƙasar da ta haura 4 ake kira mai gishiri, amma albasa tun daga 1.2 take fara ja da baya, tumatir 2.5, shinkafa 3, alkama kuwa tana jurewa har 6.

'Yar na'urar nan mai ƙafa biyu da ba ta amfani da batir, bar ta a shago. Laima, haske da tsamin ƙasa take nunawa, babu ruwanta da gishiri. Biron TDS na masu fiya wata, 'yar na'ura mai siffar biro da ke auna abin da ya narke a ruwa, ya fi ta, ga araha, amma da wani ma'auni, ppm, yake ba da amsa, kuma wani da 0.5 yake ninka EC ya samo shi, wani da 0.7. In ba ka san naka ba, lambar ba za ta amfane ka ba. Mai tsinke da ake cakawa a ƙasa akwai saurin aiki, sai dai amsarta na bin laima: safe daban, bayan ban ruwa daban.

Ni dai biron EC zan ce a saya. Kafin ka biya, duba ko an rubuta ATC a jiki, wato yana gyara karatu daidai da zafi da kansa, domin duk digiri ɗaya na zafi yana ɗaga karatun da kusan kashi 2 cikin ɗari, kuma kowa ya san ranar Afrilu a fadama. Ka haɗa da ruwan saiti mai lamba 1413. Wanda ba a iya saita shi, komai kyan kwalinsa, asarar kuɗi ne.

Aikin ba wuya. Shanya ƙasar a inuwa, daka, tankaɗe. Zuba giram 20 cikin mililita 100 na tataccen ruwan batir, wanda ba asid ba, ka girgiza sosai, ka bari ya kwanta, sannan ka tsoma biron. Wannan shi ne haɗin 1:5. Kada ka yi da ruwan rijiya, nasa gishirin zai shiga lissafi.

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Lambobin da ke sama na ƙasar da aka kwaɓa kamar kunu mai kauri aka tsotse ruwanta ne, ba na 1:5 ba. Sai ka ninka: jigawa mai yashi sau kusan 23, laka sau 6 zuwa 8. Ke nan 0.3 a jigawa ya kusa 7, a laka bai wuce 2 da ɗoriya ba. Lamba ɗaya, gona ɗaya ta tumatir ce, ɗayar ko alkama sai da lallaɓa.

Gwajin kwaɓin aikin ɗakin bincike ne, irin na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru a Zariya. Mai shirin sayen fili ko hayarsa ya kai samfuri can tukuna. Haka ma in ruwa na kwanciya a gona, ƙasa ta daskare, amma biron ya nuna gishiri kaɗan: wataƙila kanwa ce. EC ba ya bambance sodiyam, sinadarin da ke cikin kanwa, da sauran gishiri, don haka a nemi su auna shi tare da pH, ma'aunin tsamin ƙasa, musamman in pH ɗin ya haura 8.5.