Snapseed, Canva, GIMP ko Photoshop: wacce ce ta dace da sabon mai gyaran hoto?

Yawancin masu son koyon gyaran hoto da Photoshop suke son farawa, domin ita ce sunanta ya fi yawo tun da kamfanin Adobe ya fitar da ita a 1990. Shawarata ita ce a dakata tukuna. Aikin da sabon shiga zai yi a watanninsa na farko bai wuce yanke gefen hoto, miƙar da wanda ya karkace, daidaita haske da launi, goge tabo, da cire abin da ke bayan mutum ba. Duk waɗannan akwai manhajojin kyauta da ke yin su. Abin da za ka fara dubawa shi ne na'urar da ke hannunka da irin aikin da za ka riƙa yi.

In waya ce kaɗai gare ka, sauke Snapseed. Ta Google ce tun 2012, kyauta ce, ba ta cika ka da talla, kuma ba ta buƙatar data bayan ka sauke ta. A nan ne ya fi dacewa ka koyi haske da launi, wanda shi ne ginshiƙin sana'ar. Ɗauki misalin mai sayar da atamfa da shadda ta WhatsApp. Ta ɗauki hoton farar shadda da daddare a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai jan haske, sai shaddar ta fito ruwan madara. Mai saye ya biya, kaya sun iso, rigima ta tashi: "Hajiya, ba wannan kalar na gani ba." Gyaran bai kai minti ɗaya ba. A buɗe White Balance, a ɗora ɗan tsinken da ke wurin a kan wani abu da aka san fari ne a cikin hoton, ko da takarda ce ko bango, sai sauran launuka su koma yadda ido ya gan su. Akwai kuma Selective, da ke ba ka damar haskaka fuska kaɗai ba tare da sararin sama ya ƙone ya zama fari fat ba, da Healing na goge ƙurji ko leda da ta faɗo cikin hoto. Inda take da rauni shi ne haɗa hotuna da tsara rubutu. Ba aikinta ba ne.

Lightroom ta waya ma tana da kyau wajen launi, amma wasu kayan aikinta a kulle suke sai an biya.

Mai son yin katin gayyatar biki, tallan shago ko sanarwar walima, Canva ce ko PixelLab. Canva, wadda aka kafa a Ostareliya a 2013, tana zuwa da zane-zanen da aka riga aka tsara, kai dai ka sa hotonka da rubutunka. Sai dai tana shan data, kuma cire bayan hoto da danna ɗaya yana cikin tsarin masu biyan kuɗi. PixelLab ba ta kai ta ado ba, amma tana aiki ba intanet, shi ya sa matasa masu zane da waya suka riƙe ta hannu bibbiyu. Ko wacce ka ɗauka, gwada rubuta ƙ da ɗ da ɓ kafin ka yi nisa. Salon rubutu da yawa ba su da waɗannan haruffa, sai ka ga ɗan akwati ya fito a tsakiyar sunan amarya. Kuma a faɗi gaskiya, wanda ya shekara a Canva zai iya tsara talla mai kyau, amma ba lallai ya iya gyara hoto ba.

A kwamfuta ne ake koyon abin da ya raba mai wasa da mai sana'a, wato leya da mas. Leya kamar farantan gilashi ne da aka jera ɗaya kan ɗaya: mutum a kan nasa, bango a kan nasa, rubutu a kan nasa, kana iya taɓa ɗaya ba ka ɓata sauran ba. Mas kuwa ɓoye wani sashe yake yi maimakon ya goge shi. Ka shafa baƙi, wurin ya ɓace, ka shafa fari, ya dawo. Mai cire bayan hoton fasfo da abin gogewa, in ya ci gefen kunne ko bakin hula, sai dai ya koma baya. Mai aiki da mas shafa fari kawai zai yi.

GIMP tana da duka biyun, kyauta ce tun fitowarta a 1996, kuma tana tafiya a tsohuwar kwamfuta. Fitowa ta 3.0 da aka saki a 2025 ta kawo damar sauya gyara bayan an yi shi, abin da aka daɗe ana ƙorafin rashinsa. Matsalarta, maɓallanta ba a inda na Photoshop suke ba, darussan bidiyo kuma galibi na Photoshop ne. Saboda haka ni na fi tura sabon shiga zuwa Photopea. A cikin burauza take aiki, ba a sauke komai, tsarinta kusan ɗaya da Photoshop, kuma tana buɗe fayil ɗin PSD, wato irin fayil ɗin da Photoshop ke ajiye aiki a ciki. Ba a biyan kuɗi, tallar da take nuna maka ce kuɗinta. Akwai kuma Affinity, wadda Canva ta saya a 2024 ta mayar da ita kyauta a ƙarshen 2025. Tana da ƙarfi ƙwarai, amma tana son kwamfuta mai lafiya.

To, yaushe Photoshop ta cancanci kuɗinka? Lokacin da aikin ya fara biyan kansa, kamar mai ɗaukar hoton biki da ke gyara ɗaruruwan hotuna, ko wanda ke musayar fayil da wasu masu zane. Tun 2013 ba a sayen sababbin fitowarta a mallaka, haya ake biya wata-wata ko shekara-shekara, kuma in ka daina biya ta rufe. Tana buƙatar kwamfuta mai RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta, aƙalla giga 8, an fi son 16. Wadda ake tura wa mutane a filasha a kasuwar waya da sunan kyauta fasasshiya ce, wato an karya makullinta ba da izinin Adobe ba, kuma irinta na cikin hanyoyin da ɓarayin intanet ke bi su shiga kwamfuta su kwashe kalmomin sirri. Na san ta cika gari, amma ba zan sa ta a kwamfutar da nake shiga banki da ita ba.

Manhajojin da ke "gyara fuska" da kansu, irin su Remini, a yi hattara da su. Suna ƙirƙiro abin da babu a hoton, su goge zanen fuska, su washe fatar baƙin mutum har danginsa su kasa gane shi. Ga hoton fasfo ko na takardar makaranta, wannan ɓarna ce.

Kafin ka kai aiki wurin bugawa, duba girmansa. Hoto mai inci 4 da 6 yana son fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, 1200 da 1800 in ana so ya fito tas. WhatsApp na matse hoto in an tura shi kai tsaye, don haka ka ce a turo maka shi a matsayin fayil. Wajen zaɓen nau'in fayil, ajiye hoton mutane a JPEG, tambari da duk abin da aka cire wa baya a PNG, sannan ka tambayi mai injin bugawa irin fayil ɗin da yake karɓa, domin da yawa daga cikinsu da wata manhajar zane mai suna CorelDRAW suke aiki.