Spotify Premium a hannun mai sauraron waƙar Hausa

Manhajar sauraron waƙa ta Spotify, wadda aka fara a ƙasar Suwidin a 2008, ta iso Najeriya a watan Fabrairun 2021, kuma na haura shekara guda ina biyan kuɗin wata-wata na tsarinta mai suna Premium. Abin da ya fi tsaya mini a rai game da ita shi ne kullen da take sanya wa duk waƙar da mutum ya sauke, domin amfaninta da iyakarta duka a kansa suka rataya.

Mai biyan kuɗi yana iya sauke waƙoƙi har 10,000 a kowace na'ura, cikin na'urori biyar, ya saurare su ba tare da ya kunna data ba. Sai dai waƙar tana zama ne a kulle cikin manhajar, ba ta kwafuwa a memori, ba ta turuwa ta Xender ko Bluetooth, kuma dole wayar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 domin a tabbatar mai ita yana nan yana biya. Ranar da ya daina, waƙoƙin da ya sauke sun rufe. A wajen aiki ban same ta da aibu ba, don na saurari abin da na sauke tun daga Kano har Zariya, a wuraren da sabis ke ɗaukewa, sauti tas ba yankewa. A motar ne wani matashi da ke gefena ya buɗe Xender ya ce, "Yallaɓai, don Allah a tura mini wannan." Da na yi masa bayanin cewa ba ta turuwa, sai ya dube ni ya ce, "Ashe ba taka ba ce ke nan." Gaskiyarsa, haya nake yi.

Kullen yana da asali. A 1999 wani dandali mai suna Napster ya bai wa mutane damar musayar waƙoƙi kyauta ta intanet, kuma ko da shari'a ta durƙusar da shi a 2001, kuɗin da masana'antar waƙa ke samu ya riga ya kama gangara, bai daina raguwa a duniya ba sai wajajen 2014. Kamfanin Apple ya buɗe kantin iTunes a 2003 yana sayar da waƙa ɗaya a kan senti 99 na dalar Amurka, kowace da kulle mai suna FairPlay, amma a 2009 ya cire shi, bayan an daɗe ana ƙorafin cewa wanda ya biya ne ke shan takura, wanda ya sata kuma yana wadaƙa da abinsa. Dabarar Spotify ita ce ta daina sayar da waƙa ɗaiɗai, ta ba da hayar rumbun baki ɗaya. A ganina kulle a kan abin haya ya fi kusa da adalci, tunda tun farko ba a ce wa mutum ya mallaka ba.

Mu a nan saukewar ta zo mana ta wata ƙofa dabam, wato teburin mai turi. Kowa ya san shi a kasuwar waya ko bakin tasha, da kwamfutarsa a kan tebur, da igiyoyin caji a harhaɗe, da lasifika tana kiran masu wucewa. Za ka miƙa masa memori da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya cika maka shi da ɗaruruwan waƙoƙi, mawaƙin da ya biya kuɗin situdiyo kuwa yawanci ko sisi ba ya gani. Wannan ya taimaka wajen kashe kasuwar kaset da faifan CD, ya mayar da mawaƙa dogaro da wasan biki da waƙar 'yan siyasa da tallar kamfanoni. Ba na zagin mai turi, shi ma abinci yake nema, kuma mawaƙa da yawa ta hannunsa aka fara jin su. Amma ina jin ciwon ganin mutum ya yi suna a ko'ina alhali waƙar kanta ba ta ciyar da shi.

Wannan ne dalilin da ya sa nake biya. Kamfanin Spotify ya bayyana cewa abin da mawaƙan Najeriya suka samu daga gare shi a 2024 ya haura naira biliyan 58, bayan fiye da biliyan 25 a 2023. Kuɗi ne masu kauri, sai dai ana raba su ne gwargwadon yawan sauraro, don haka kaso mafi tsoka yana tafiya wajen taurarin da ake ji a Turai da Amurka, inda kuɗin wata ya ninka namu sau da yawa. Tun 2024 kuma waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba a biyan komai a kanta. Sannan mawaƙi ba ya ɗora waƙarsa kai tsaye, sai ta hannun kamfanin rarrabawa, wanda galibi da dala ake biyansa. Ga ƙaramin mawaƙin da masoyansa ke ƙauye suna sauraro ta memori, tsanin ya yi tsawo.

Ta fuskar kaya, sababbin waƙoƙin Hausa suna samuwa ba laifi, amma mai neman makaɗan fada da na noma da na maza na zamanin da, zai tarar kwamfutar mai turi ta fi wadata. Rubutun sunaye ma yakan wahalar da bincike, domin masu ɗorawa kan rubuta suna ɗaya ta hanyoyi daban-daban.

Ina ba da shawararta ga mai wayar zamani da katin banki wanda yake son sauti mai kyau kuma yake son wani abu ya isa ga mawaƙi, kuma zai fi masa sauƙi ya riƙa saukewa lokacin da ya samu data mai araha. Wanda babban jin daɗinsa shi ne ya tura wa aboki waƙa daga waya zuwa waya ba zai samu biyan buƙata ba, sai dai ya aika masa mahaɗin waƙar ta WhatsApp, shi ma ya buɗe ta a tsarin kyauta mai talla.