Na yi hayar kayak na je kamun kifi a tekun Legas, ga yanda masu hayar suka yi da mu

Tunda na saka hotona a kan kayak, wato ɗan ƙaramin kwale-kwale da ake tuƙawa da filafili, a status mutanen majalisarmu ta Jekadafari suka hana ni sakat, wannan ya ce nawa aka biya, wancan ya ce ashe da gaske na shiga teku, har wani abokina na Pantami ya kira ni wai zai je Legas sarin kaya bayan sallah yana so in haɗa shi da su. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunan wajen ba zan faɗa ba tunda akwai ƙorafi a ciki, kuma masu wannan sana'a sun fi ɗaya a tsakanin Ikoyi da Lekki, duk wanda ka samu sai ka auna shi da abun da zan faɗa.

Ni dai ba baƙon ruwa bane, ko in ce haka nake ɗauka. Tun ina yaro muke zuwa dam ɗin Dadin Kowa da fatsa da gwangwanin tana, na shiga kwale-kwalen masunta ba adadi a kogin Gongola, na san karfasa na san tarwaɗa na san ƙurungu. Da wannan taƙamar na je, na ja ɗan yayata da yake zaune a Obalende, na ce masa yau zaka ga aikin mutanen Gombe.

Farko wani bakin teku muka fara zuwa ta wajen Lekki, inda igiyar ruwa take dukan yashi kai tsaye. Wani saurayi ya tare mu da kayak guda biyu a kife, bai tambaye mu ko mun iya iyo ba, kuɗi kawai ya faɗa ya nuna mana ruwa. Rigar ceton da ya miƙo ɗaya ce wai mu riƙa karɓa-karɓa. Yaron nan ya ja hannun rigata ya ce Kawu dan Allah mu tafi, ni ma dama da na ga tsayin igiyar nan cikina ya ɗuri ruwa, kunya ce kawai ta hana ni fara cewa a fasa.

Waɗanda muka yi hulɗa da su daga baya ta WhatsApp muka same su, kuma kafin a zo maganar kuɗi sai da mutumin ya jero mun tambayoyi kaman ɗan sanda, kun iya iyo, nauyinku nawa, akwai mai hawan jini ko asma, kun taɓa riƙe filafili. Na ce masa ni cikin teku nake so, can inda manyan kifi suke. Ya ce a'a. Na ce zan ƙara kuɗi, ya ce ko na ninka ba zai kai wanda bai taɓa hawa kayak ba buɗaɗɗen teku a ranar farko, in na yarda Tarkwa Bay zamu je in ban yarda ba in nemi wani. Wallahi a lokacin haushi na ji, amma yanzu in an tambaye ni me na biya wa kuɗi, wannan a'a ɗin ce.

Shi Tarkwa Bay sai da jirgin ruwa ake zuwa, tafiyar wajen minti 20 daga Victoria Island, kuma abun da ya sa ya dace da ɗan koyo shine yana cikin lungu. Tun wajen 1908 Turawa suka fara jibge manyan duwatsu suna yin katanga a bakin mashigar tashar jirage dan kada yashi ya toshe hanya, to wajen yana bayan katangar yamma ne, igiyar sai ta rage ƙarfi kafin ta iso. Waɗannan katangun ne ma suka tare yashin da ruwa yake turowa daga yamma zuwa gabas har teku ya cinye Bar Beach, inda yanzu aka cike ake gina sabon birnin Eko Atlantic. Jagoran namu, wani siririn mutum da ya tashi a gidan masunta, bai bar mu mun taɓa kayak ba sai da ya taka da mu ƙafa zuwa ɗaya gefen katangar, ɓangaren da ake cewa Lighthouse. Ruwa ɗaya ne, rana ɗaya, tazarar ba ta da yawa, amma nan igiya tana tashi ta fi tsayina tana faɗowa da ƙara kaman an kifar da tipar yashi, can kuma yara suna wasa a ciki. Ya nuna mun wani waje da ruwan ya yi duhu ya kwanta lumui a tsakanin kumfa, ni da na gani cewa nayi ai nan ne ya fi daɗin shiga. Dariya yayi, ya ɗauki guntun katako ya jefa, muna kallo katakon nan ya miƙe ya nufi cikin teku kaman an ɗaura masa igiya ana ja. Ashe nan ne hanyar da ruwan da igiya ta turo yake komawa, kuma shine yake cin mutane a bakin tekun Legas. Ya ce in ya ɗauke ka kada ka yi dambe da shi kana son komawa gaɓa kai tsaye, gefe zaka yi har ka fita daga zirin, dan bai cika faɗi ba.

Abu na biyu da dam bai koya mun ba shine ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma kullum lokacin yana matsawa da kusan minti 50. Jagoran ya buɗe jadawalin a wayarsa yana ta bayani da turancin buroka, ni kuwa da na gane da kwanan wata abun yake tafiya sai lissafin ya zo mun da sauƙi, tsayuwar wata da daren sha huɗu ruwan ya fi cika ya fi janyewa da ƙarfi, wajen bakwai ko takwas ga wata da kuma ashirin da biyu ya fi laushi. Lokacin janyewa duk ruwan da ya taru a tafkin Legas ta wannan mashigar yake fita, ga kuma manyan jiragen kwantena masu zuwa Apapa da Tin Can suna bi ta nan, shi yasa ya nuna mana wani dutse ya ce duk wanda ya wuce shi an tashi daga su yau. Jirgi ɗaya ya wuce muna ciki, kaman bene mai hawa goma yana tafiya, sai da yayi nisa sannan igiyarsa ta iso ta girgiza mu.

Iska kuma ni na ɗauka in ta taso daga teku ne matsala. Ashe wadda take busowa daga tudu ta fi sharri, dan tana kwantar da ruwan bakin gaɓa ya yi kyau kaman faranti amma tana tura ka ciki a hankali baka sani ba. Iskar hunturunmu ta arewa maso gabas in ta kai Legas haka take yi, ga hazo da zai ɓoye maka gaɓa. Duk da haka rani ya fi damina sauƙi, daga Yuni zuwa Satumba tekun ya fi haukacewa. Kuma sammako ake yi, dan da rana ta take sai iska ta juyo daga teku ruwan ya fara tsalle.

Kayak ɗin na roba ne irin wanda ake zama a samansa, akwai ramuka a ƙasa da ruwa yake zurarewa, dan haka ko ya kife baya nitsewa. Kafin a bamu ƙugiya sai da ya sa muka kife da gangan a ruwa iya ƙirji. Jama'a, komawa saman abun nan ba wasa bane. Sau uku ina kama gefe yana juyowa ya rufe ni, ruwan gishiri ya shiga hancina har cikin ƙwaƙwalwa, yaron nan yana ta ƙyaƙyata dariya yana cewa Kawu ina aikin mutanen Gomben. A na huɗu ne na bi yanda aka ce, na kwanta da ciki a tsakiya na miƙe ƙafafu a baya sannan na juyo na zauna. Jallabiyar da na zo da ita tun a jeti ya sa na cire, wai in ta jiƙe zata nannaɗe mun ƙafa. Filafili da sandar fatsa duk an ɗaure su da igiya a jikin kayak, waya a cikin jakar roba a wuya, da usur a jikin rigar ceto.

Yanzu ƙorafi. Sun ce ƙarfe 6:30 mu haɗu, mun yi asuba mun fito a guje, basu tashi jirgi ba sai wajen takwas saboda jiran wasu mutum biyu, wannan ya cinye mana lokacin da ruwan ya fi kwanciya. Rigar ceton da aka fara bani maɗaurin ƙasa a karye yake, sai da nayi magana aka canza, kuma da ban duba ba haka zan shiga da ita, wannan ba ƙaramin sakaci bane ga mutanen da suke ta wa'azin tsaro. Jatan landen da ake sawa a ƙugiya ba a faɗa mana kuɗinsa daban bane sai da muka iso. Jagora ɗaya ne ga mutum biyar, in da biyu sun kife lokaci guda ban san yanda zai yi ba. Ruwan sha leda biyu-biyu aka bamu a wannan rana, ku tafi da naku da hula mai faɗi. Wajen sallah babu, a kan yashi muka shimfiɗa tawul muka yi azahar. Ledoji da robobi a ruwan kuwa ba laifinsu bane amma sau biyu ina jan abu da murna ashe buhu ne. Kuɗin gaba ɗaya da na jirgi ya fi kuɗin motar Gombe zuwa Abuja ga mutum ɗaya, ba araha.

Kifi fa? Guda uku na kama a awa uku, biyu ƙanana ɗaya ɗan madaidaici mai ja-ja. Yaron ya kamo wani dogo mai haƙora kaman na tsage, barakuda suke ce masa, yana ƙoƙarin ɗora shi a cinya jagoran ya daka masa tsawa ya matso da filaya ya cire ƙugiyar tun kifin yana cikin ruwa. A kayak kifin tsakanin ƙafafunka yake sauka, babu inda zaka matsa. Gaskiya abun da nake samu a Dadin Kowa da yamma ɗaya ya fi wannan yawa.

In maki ne zan basu bakwai cikin goma, kuma zan koma amma sai na duba kwanan wata tukuna. Kai kuma mutumin Pantami, na san iyonka bai wuce na kududdufi ba, in ka je ka ce su fara da kai a rafin da yake tsakanin Ikoyi da Victoria Island wajen gadar Lekki, can ba igiya sai dai ka kula da ƙananan jirage masu gudu, kuma ka ja maɗauran rigar ɗaya bayan ɗaya da hannunka tun kuna jeti.