Rumman da dabino, ko dalla da finjali: da wanne za a fara zanen fastel?

Wata 'yar uwa a Jidda ta ce ta sayi akwatin fastel mai laushi, wato sandunan launi masu kama da alli, launi 24, tana so ta jera kaya a tebur ta zana, amma ta rasa da me za ta fara, 'ya'yan itace ko dalla, wato butar gahawa ta Larabawa, da finjalanta.

Malama, fara da 'ya'yan itacen. Rumman na Ɗa'ifa guda ɗaya, wanda ba a fasa ba, da dabino uku a gefensa sun ishe ki. Fatar rumman ba ta da ƙyalli sosai, haske kwanciya yake yi a kanta. Kanne idanunki kaɗan ki dube shi, za ki ga wuri huɗu: inda haske ya fi bugawa, inda ya fara dushewa, inda inuwa ta yi kauri, sai ɗan hasken da tebur ke mayarwa a ƙasansa. Wannan na ƙarshen ne masu koyo ke cika wa fari, alhali bai kai hasken sama ba ko kusa. Kuma ko hannunki ya karkace, ba mai cewa ba rumman ba ne, don dama ba ƙwallo ba ne, yana da ɗan kusurwa-kusurwa. Aibinsa ɗaya, idan aka fasa shi, kafin gobe 'ya'yan sun bushe, launin ya sauya.

Dabino kuwa, in ajwa ce, mai duhun nan, kada ki kai hannu ga baƙin fastel. Shuɗi mai duhu da ja mai duhu a ƙasa, ruwan ƙasa a sama, sannan siraran layuka masu haske a kan yamutsewar fatar. Dabinon sukkari ya fi sauƙi.

Dalla ba ta ruɓewa, ki bar ta wata guda tana nan. Amma madubi ce. Tagar ɗaki na jikinta, darduma na jikinta, har abayarki. Ki gusar da kanki taƙi ɗaya, duk sun sauya wuri. Launin tagullar jikinta kuma ba ruwan ɗorawa ba ne zalla, akwai ruwan ƙasa mai duhu da kore-kore a ciki, farin kuma ɗigo biyu ko uku ne a ƙarshe. Wajen zana dallar, sai kin fara ja layi a tsakiya, in ba haka ba gefe ɗaya zai fi ɗaya ciki. Bakin finjali siffar ƙwai yake yi, iya yadda yake ƙasa da idonki iya yadda zai buɗe, kuma ba ya da tsini a gefe. Duk wannan kaifin layi yake so, sandar fastel mai laushi kuwa dakusasshiya ce, sai kin haɗa da fensirin fastel.

Takarda ma ta raba su. Canson Mi-Teintes mai giram 160 ta ishi rumman, amma kaushinta na cika da wuri, in kika yi ta murzawa da yatsa launukan su zama laka. Dalla tana cin shafin launi a kan shafi, takardar Pastelmat ta fi dacewa da ita. Ko wanne kika ɗauka, duhu ake fara sawa, haske ya biyo baya.

Ki saki labule, ki kashe fitilar sama, ki kunna ɗaya tak daga gefe. Hasken taga tsakanin azahar da la'asar tafiya yake yi, inuwa na bin sa. Manna salatef a inda kowane abu ya zauna da inda kujerarki take. Ki kauce wa iskar esi da fanka, kuma kada ki hura ƙurar da baki, ɗaga takardar ki ɗan ƙwanƙwasa bayanta.

Bayan rumman biyu ko uku, kafin dalla, gwada kaskon turare na ƙasa. Yana da bakin da za ki koyi siffar ƙwai da shi, ba kuma ya ƙyalli.