GARGAƊI: mai saida figirin na rezin a Yamai, ku yi hattara da abans

Salamu alaikum ƴan uwa masu tara figirin da masu fenti. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da gurup-gurup na WhatsApp yana cewa yana kawo kayan Warhammer 40,000 (wasan yaƙi ne da ake yi a kan tebur da figirin, wato ƴan ƙananan mutum-mutumin sojoji da tankoki) na rezin (wani ruwa da ake zubawa a mazubi ya daskare), wai orijinal na Forge World, sashen kamfanin Games Workshop mai yin na rezin, kai tsaye daga Ingila, kuma kusan rabin farashi. Kar wanda ya tura mishi ko dala. Ba zan sa sunanshi ko lambarshi ba don yana canza su kamar riga, salon aikinshi ne bai canzawa, shi zan faɗa muku.

Da farko hotuna ne masu kyau, sojojin Death Korps of Krieg, wata runduna a cikin wasan, da abin rufe fuska da dogayen kwat, tankoki, duk an fente su tsaf. Ba nashi ba ne ko ɗaya, na wasu masu fenti ne ya kwaso a intanet, in ka sa hoton a Google Lens za ka ga inda ya fito. Sai ya ce saura kwali biyu kawai, kamfani ya daina yin su, wani a Plateau ma yana jira. To a nan akwai ɗan gaskiya, shi ya sa mutane ke faɗawa: Krieg sun daɗe a rezin, amma tun 2021 Games Workshop ta fara fiddo su a roba, a 2025 ta ƙara fiddo wasu da yawa, tsoffin na rezin sun yi wuyar samu. Gaskiyar ce yake jingina ƙaryarshi a kai.

Ya ce a ba da rabi abans ta transfer. Ka tura. Bayan ƴan kwanaki kaya sun iso Lome, daga baya suna hanyar Burkina, kun san tun 2023 hanyar Kwatano ta toshe, kowa ya san kaya na jimawa, don haka ba mai zargin komi. Sannan a kira ka wai duwan sun riƙe koli, a ƙaro jikka 15 a fiddo shi yau-yau ko a yi gwanjonshi. Wani ƙanenmu ɗalibi da ke Harobanda haka aka yi mishi, abans jikka 30 da na duwan, daga nan lamba ta daina shiga. Kuɗin da yaron ya daɗe yana tarawa ne wallahi, abin ya ban haushi.

Waɗanda suka matsa mishi da kira kuma ya aiko musu kaya ta hannun ɗan kabu-kabu, shi bai taɓa zuwa da kanshi. Na ga wasu da idona. Iri biyu ne. Wasu kwafi ne, an ɗauki orijinal an yi sabon mazubi da shi an sake zubawa, shi ya sa sun ɗan fi na gaskiya ƙanƙanta, fuska ta dushe, kan ƙusoshin jikin tanki sun shafe, ga layin haɗi biyu a gefe ɗaya, na asali da na mazubin ɓarawo, ga ƙananan ramukan iska ko'ina. Orijinal ma yakan zo da rami ɗaya biyu ko bakin bindiga a lanƙwashe, wannan ba komi, ruwan zafi ke miƙe shi. Amma ba haka da yawa ba.

Iri na biyu ya fi damuna. Bugun injin 3D ne da ba a gama ba. In ka karkata shi a haske za ka ga siraran layuka hawa-hawa da ɗigon inda aka cire sandunan tallafi, yana danƙo a hannu, yana wari mai hawa kai. Rezin na injin sai an wanke shi da alkol an gasa shi da hasken UV kafin ya zama abin taɓawa, ɗanyenshi yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje a fata. Manyan kuma ya bar cikinsu fanko ba ramin tsiyayewa, ruwan rezin na kwance a ciki, wata rana sai ka ga tankin ya tsage yana yoyo bayan ka ɓata dare nawa kana fenti. Da aka yi mishi magana cewa ya yi zafin Yamai ne. Zafin watan Afrilu yana lanƙwasa siririn takobi in ka bar shi cikin mota, e, amma bai sa figirin ya yi danƙo.

Ni ba ni da faɗa da mai injin 3D. Wanda ya ce maka bugu ne, ga zanen da ya saya, ga farashi, ya gasa shi yadda ya kamata, wannan sana'a ce, Allah ya ba da kasuwa. A saida maka bugu da sunan Forge World, wannan zamba ce.

Lissafin ma ba wuya. Tun ƙarshen 2023 kayan Forge World sun koma shafin intanet na Warhammer, farashi na nan a yuro, ka ninka da 656 ka samu sefa, ka ɗora kuɗin jirgi da duwan. Games Workshop a Nottingham ta Ingila yake, ba shi da shago a Nijar. To ta yaya mutum zai kawo maka har Wadata a ƙasa da farashin can? Ka ce ya yi maka bidiyo kai tsaye da kwalin a hannu da takarda mai sunanka da kwanan wata, ka nemi rasit na saye. Ku haɗu a fili, ka buɗe, ka shinshina, ka duba, sannan ka biya. Ya ƙi, ka barshi.

Wanda kayan suka riga suka shigo hannunshi ya sa safar hannu, ya nisanta su da yara, kar ya goge da sanfefa a bushe don ƙurar rezin ba ta da kyau ga huhu, a jiƙe ake yi da takunkumi. Wanda kuma aka ci kuɗinshi kar ya share hirar, ya ajiye hotunan saƙonni da rasit ɗin transfer da lambobin duka. Muna da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma ƙara a PJ, wato ƴan sandan binciken laifuka, ta fi ƙarfi in mutane da yawa suka je tare. Ku yi min magana a pirive mu sa rana, ku kuma tura ma ƴan Tawa da Maraɗi don an ce ya fara tallar can.